Jegon 'Yar Malesiya a Mount Hope

Muna hawa na uku a wani tsohon bene a unguwar Mount Hope da ke Bronx, su kuma suna hawa na huɗu, daidai saman kanmu. Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni New York. Maigidana yana tuƙa tasi, ni ina kula da wata tsohuwa a gidanta daga safe zuwa la'asar. 'Ya'yanmu uku, ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci.

Ranar da suka tare na ɗauka 'yan Sin ne. Yara ne ƙanana, kowa da jaka a baya, suna ta jan akwatuna a matakala suna dariya. Sai wata 'yar gajera mai lulluɓi ta matsa min hanya, ta yi min cikakkiyar sallama har da wabarakatuhu. Na tsaya da ledar cefane a hannu ina kallonta, sai da na tattaro hankalina kafin na amsa. Daga baya na ji 'yan Malesiya ne, gwamnatin ƙasarsu ce ta turo su karatu. 'Yan mata huɗu suka kama sashe ɗaya, sashen da ke kallonsa kuma ita wannan gajerar ce da mijinta, wani siririn yaro mai tabarau wanda ba ya iya haɗa ido da babba. Ita tana karatun haɗa magunguna, shi injiniya. Samarinsu suna wani bene a bayan layinmu, amma cin abincinsu duk a saman kanmu ne. Ranar Asabar takalma sukan cika ƙofar har sai ka tsallaka.

Farkon hawana wajensu ƙorafi ne ya kai ni. Wani wari ne ya sauko mana, na ce lallai ɓera ya mutu a cikin bango. Na ƙwanƙwasa, gajerar ta buɗe, sai na tarar ashe abin yana cikin kasko, wani dunƙulen ƙananan jatan lande ne da ake ruɓarwa a busar, da shi suke miya. Ta yi ta ba ni haƙuri, sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Makcik, mu ma akwai wani ƙamshi da yake hawo mana daga wajenku, mun rasa ko na mene ne." Daddawata take nufi. Makcik a yarensu kamar ka ce inna ko gwaggo ne, kuma daga ranar sunan ya bi ni a hawa na huɗu.

A cikin 'yan matan akwai wata doguwa mai gajeren gashi. Ita asalin kakanninta 'yan Sin ne, kuma ba Musulma ba ce. Na daɗe ban gane zamansu ba. Ita ce mai juya kwalin abinci a kanti ta karanta ko akwai alade a ciki, ita ce mai tashinsu sahur idan tana karatun asuba, ita ba ta azumi. Ita da gajerar tare suka yi makarantar kwana a can gida.

Ba a daɗe ba cikin gajerar ya fito. Na tambaye ta wa zai zo mata, ta ce mahaifiyarta ta nemi biza ba ta samu ba. Na ce to wa zai yi mata wanka? Ta ce za su san yadda za su yi. Ranar da naƙuda ta kama ta, a cikin watan Janairu ne, ƙanƙara ta rufe ko'ina, na gamu da ita da safe a bakin ƙofar bene da jaka a baya, tana dafe da ƙarfen matakala, goshinta duk gumi a wannan sanyi.

"Ke, lafiya?"

"Ya fara, Makcik. Amma da saura. Ina da gwaji yau, idan na gama sai mu wuce asibiti."

"Gwajin me? Haihuwa fa za ki yi!"

Ta yi murmushi ta kama hannun mijinta suka nufi tashar jirgin ƙasa. Na yini a gidan tsohuwar da nake kula da ita ina duba waya. Da la'asar doguwar ta bugo min waya ta ce an samu namiji, kuma mai jegon ta ce a gaya min ta rubuta gwajin.

Da aka sallamo su na hau na tarar da ita kwance a tabarma da safa biyu a ƙafa, an jingina waya da tukunyar shinkafa, mahaifiyarta tana ciki tana ta ba da umarni da yarensu, 'yan mata huɗu da ba wadda ta taɓa haihuwa suna ta kai da kawo. Wani dogon ƙyalle suke ƙoƙarin naɗa mata a ciki, sun cukurkuɗe shi. Na ajiye mayafina na ce su ba ni wuri. Na sauka na kira maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi da ke hawa na biyu, wadda ta yi wa rabin matan benen nan jego.

Abin da ya ba mu mamaki ni da Hajiya shi ne yadda jegonsu ya yi kama da namu. Ba a shan ruwan sanyi, ba a taka ƙasa ba takalmi, a gasa dutse a naɗe a tsumma a danna ciki, abinci sai mai citta da masoro. Nasu ma ya ɗara arba'in da 'yan kwanaki. Uwar tana faɗa a waya, doguwar tana fassara mana, Hajiya tana cewa, "Ai mun sani, Mama, kwantar da hankalinki." Muka riƙa tafasa ruwa a babbar tukunyata, mu hau da shi, mu zaunar da ita a kwamin wanka. Ranar farko da ruwan ya taɓa bayanta ta ƙwalla ƙara, mijin ya taho a guje, Hajiya ta kore shi da tawul. Na dama mata kunun kanwa, ta kurɓa ta yamutsa fuska, ta dubi uwarta a waya, uwar ta yi mata alama da hannu ta shanye.

Ina murna abu ya yi kyau, sati uku ba su cika ba sai ga ta a matakala da jaka a baya, ciki a ɗaure a ƙarƙashin rigar sanyi.

"Ina zuwa?"

"Ɗakin gwaji, Makcik. An wuce ni da yawa."

"Ɗanyen jiki? A wannan ƙanƙarar? Yaron fa?"

Ta nuna sama. Na hau na tarar da wani saurayi cikin abokan mijinta zaune a ƙasa, littafi a gwiwa ɗaya, jariri a ɗaya, yana ba shi nonon da ta tatsa a kwalba. Ashe sun raba wa junansu lokaci. Wanda ba shi da aji da safe ya riƙe, idan zai fita wata ta dawo ta karɓa, haka yaron yake yawo daga hannu zuwa hannu har magariba. Samarin da ko gemu bai gama fito musu ba sun iya canza ƙunzugu. Na ce dai da na dawo aiki a riƙa sauko min da shi. Haka kuwa aka yi. Da la'asar yana bayana, ina tuƙa tuwo yana barci, 'yar autata tana leƙa fuskarsa tana cewa ƙaninta ne.

Wata ranar Lahadi na hau zan yi mata farfesu, ta ce akwai kaza a firiza. Na buɗe na jawo wata roba mai murfi da aka naɗe da farin ƙyalle, na ɗora a kan teburin kicin, na warware. Da na ɗaga murfin na san ba kaza ba ce. Na taɓa ganin irinsa sau uku a jikina. Na saki murfin ya faɗi ƙasa, na yi salati da ƙarfi.

Mijin ya shigo da sauri, ya ga abin da ke gabana, kunnuwansa suka yi ja.

"Mene ne wannan a cikin abinci?"

"Mabiyiya ce, Makcik. Ta yaron."

"Na san mabiyiya ce! Me take yi a firiza?"

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce a wajensu uba ne yake wanke ta da gishiri da tsamiya, ya naɗe a farin ƙyalle ya binne. Ya roƙa a asibiti sun ba shi, ya wanke kamar yadda mahaifinsa ya gaya masa. To ina zai binne? Ko'ina siminti ne. Ya je wani lambu da ɗan cokalin haƙa a aljihu, ya tarar ƙasa ta daskare kamar dutse, ga mutane suna wucewa da karnuka, ya ji tsoro kada a kira masa 'yan sanda. Sai ya dawo da ita. Sai a lokacin na tuna tsamiyar da ya sauko ya roƙa washegarin haihuwa, ni na zaci kunu za a yi.

Na zauna a kujera. Ni da na haifi biyu a garin nan, ban taɓa tambayar ina aka kai nasu ba, na barta a asibiti na taho. Ga yaro ɗan ashirin da 'yan kai yana ajiye da ta ɗansa kusa da kaji yana jiran ƙasa ta saki.

Maigidana ne ya samo mafita. Yana da aboki ɗan Nijar mai shago a Tompkinsville da ke tsibirin Staten Island, gidansa da ɗan fili a baya inda matarsa take shuka yakuwa da rani. Da sanyi ya fara sauƙi muka ɗunguma, ni da maigidana da mai tabarau da abokansa biyu, robar tana cikin jakar sanyaya lemo. Muka hau jirgin ruwa zuwa Staten Island, yaron ya rungume jakar a cinyarsa, Turawa 'yan yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto a gefenmu. Mai gidan ya riga ya haƙa rami a gindin katanga. Ya ce da shi, "Zo ka sa da hannunka, ɗana, haka ake yi a wajenmu ma." Yaron ya durƙusa ya sa, ya mayar da ƙasa, ya yi addu'a da Larabcin da duk muka gane, muka shafa. Matar gidan ta kawo mana dambu muka ci a tsaye.

A raina na ce shi ke nan, jaririn nan ya zama ɗan gari.

Cikin kwanakin nan ne suka roƙe ni in tallafe kansa a kan farin zanen gado za su ɗauke shi hoto, wai kada hannuna ya fito. Na yi, muna ta dariya don ya ƙi buɗe ido. Cikin kwanakin nan ne kuma doguwar ta matsa min sai na koya mata goyo. Takan sauko da yamma, in ɗora mata shi a baya, in nuna mata yadda ake kama zane a ƙirji a soke, a ɗaure da majanyi. Ta yi ta zagaye falona da shi, tana tambayata idan ya yi kuka kaza yunwa ce ko barci. Na ɗauka sha'awa ce kawai irin ta 'yan mata.

Ranar wata Juma'a a watan Mayu na dawo aiki ba a sauko min da shi ba, sai na hau. Ƙofa a buɗe. Akwati biyu a tsakar ɗaki, ɗaya na doguwar, na san ta gama karatunta za ta koma. Ɗayan kuwa cike da kayan jariri, gwangwanayen madara, kwalabe, har da 'yar hular da na saƙa masa. Duk suna nan, 'yan matan da samarin, ana ta ninke kaya. Da suka gan ni kowa ya saki abin da ke hannunsa.

"Kayan wa ake haɗawa?"

Uwar yaron tana zaune a ƙasa tana ba shi nono. Ta ɗago ta ce, "Makcik, zauna."

"Ba zan zauna ba. Ina za a kai shi?"

"Gida. Wajen mahaifiyata. Jibi za su tashi."

"Su wa?"

Ta dubi doguwar.

Na dubi jaririn. Yaro wata huɗu, nono a bakinsa, za a ɗora shi a jirgi ya yi kwana da yini a sama, a hannun budurwar da ba ta taɓa haihuwa ba, ba uwa ba uba. Na ce, "Ke da shi fa?" Ta ce saura musu fiye da shekara, kuma waɗanda suka turo su sun yanka musu lokacin gamawa, ba a ƙarawa. Masu riƙe mata shi rabinsu sun gama za su tafi. Shekarar ƙarshe kuwa a asibiti za ta yi ta, fita da asuba dawowa bayan isha.

"To ki bar min shi! Ni na ce miki na gaji? Zan rage aiki. Hajiya tana nan. Ga shi nan ƙasanki, ki dawo ki same shi."

Hawaye ya zubo mata, amma muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ce, "Na san za ki riƙe shi, Makcik. Amma idan yana ƙasan benen nan ba zan iya fita ba. Yanzu ma ina tsaye a ɗakin gwaji nono yana zuba, ina auna magani ina jin kukansa a kunnena. Sau biyu na yi kuskure. Idan na faɗi, an mayar da mu gida ba komai a hannu, ƙannena kuma ni suke kallo."

"Yaushe kuka yanke wannan?"

Mijin ne ya amsa, kansa a ƙasa. "Tun kafin a haife shi."

Wato duk sun sani. Hoton da na tallafe kansa na fasfo ne. Goyon da na koyar na tafiya ne. Wata huɗu ina hawa ina sauka da tukunyar ruwan zafi, yara goma sha suna kallona, ba wanda ya buɗi baki. Doguwar ta matso ta ce sun so su gaya min, sun ji tsoron abin da zan ce ne. Ta ce ba baƙon abu ba ne a wajensu, ɗalibai da yawa haka suke yi, ita kanta ta san waɗanda aka kai wa kakanni suna 'yan watanni. Na juya na sauka.

Na shiga wajen Hajiya ina kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Mu ma ai muna aikawa. Nawa biyu a Kumasi suka yi firamare." Na ce, "Bayan yaye, Hajiya! Da ƙafarsu suka shiga jirgi!" Ta ce, "Haka ne. Amma yarinyan nan ba ta tambaye ki fatawa ba. Ki tashi ki wanke zanen goyon da za ki ba su."

Maigidana ne ya kai su filin jirgi a tasinsa. Na ce ba zan je ba, da suka sauko kuma na tsinci kaina da mayafi. A mota uwar ta yi ta ba shi nono tun daga Bronx har muka isa, ko da ya ƙoshi ya saki sai ta mayar masa. A wajen shiga doguwar ta duƙa, ni na ɗora mata shi, na soke zanen da hannuna na ɗaure majanyin tamau. Ta rataya jakar madara a wuya, takardar yardar iyaye da fasfo biyu a hannu. Uwar ta sumbaci tafin ƙafarsa da ya leƙo ta ƙasan zane. Suka shiga layi. Muna hango ɗan kansa da hula yana lilo a bayanta har suka sha kwana. Uwar ba ta yi kuka a nan ba. Sai da muka hau babbar hanya ta ce maigidana ya tsaya, ta buɗe ƙofa ta yi amai.

Washegari Litinin na ji takunta a matakala da sassafe, ta tafi makaranta. Ni kuwa na ɗauke ƙafa daga hawa na huɗu. Idan mun haɗu in amsa sallama in wuce. Ranar Laraba da yamma aka ƙwanƙwasa, na buɗe, ga ta tsaye ta rungume ƙirjinta da hannu biyu, gaban rigarta sharkaf, jikinta zafi rau. Nonon ya cika ya yi tauri kamar dutse. Ta ce, "Makcik, ban san yadda ake tsayar da shi ba." Na jawo ta ciki, na ɗora ruwa a wuta. Ina gasa mata da tawul tana cije leɓe, ni ina yi ina faɗa, ita tana cewa to. Daga nan muka shirya.

Shekarar nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Safiyarmu daren can ne, don haka takan kira kafin ta fita, a jingina wayar a gabansa yana cin abinci a cinyar kakarsa. A waya ta ga haƙorinsa na fari, a waya ta ga ya miƙe ya kama kujera. Wani lokaci ta sauko da gudu ta nuna min. Yakan kai hannu ya daki fuskar wayar, daga baya da ya yi wayo sai ya leƙa bayanta yana neman inda mutumin yake. Sababbin ɗalibai suka zo suka cika ɗakin 'yan mata, takalma suka ci gaba da taruwa ranar Asabar, ita ce ma take dafa musu, tana raha kamar kowa. Amma na sha ganinta a tashar jirgi ta bi matar da ke tura jariri da ido har sai an shige.

Sun gama dukansu biyu, da sakamako mai kyau, suka tattara suka koma. Bayan 'yan watanni ta kira ni. Ta samu aiki a wani asibiti kusa da garinsu, suna zaune a gidan iyayenta tukuna. Na ce ina ɗana? Ta juya wayar, ga shi can ya yi tsayi yana bin kaza a tsakar gida. Ta kira shi, ya waiwayo ya dube ta, ya ruga ya ɓuya a bayan zanen kakarsa.

"Bai saba ba tukuna," ta ce. "Mama yake ce wa mahaifiyata. Ni kuwa Yaya yake ce min, yadda ya ji ƙannena suna faɗa."

Na tambaya ko yana yarda ya kwana wajenta. Ta ce a'a, ta gwada sau ɗaya ya yi kuka har ya shiɗe, ba ta sake ba. A ɗakin kakarsa yake kwana. Ita kuma ta kai katifarta bakin ƙofar ɗakin, a nan take kwana, don idan ya farka neman ruwa ita ce za ta fara miƙa masa.